Kariyar da Ni'ima Ta Shayar Safe da Yamma

Akwai wata mata mai suna Ni'ima a unguwar Zongo da ke Kwatano. Tana aiki a wani biro, wato ofis, a unguwar Cadjèhoun, kuma ita ce ke jinyar mahaifinta, Malam Ɗahiru, tsohon direban babbar mota da ɓarin jikinsa ya shanye. Maganarsa ba ta fita sosai.

Wata rana ya riƙe hannunta, da ƙyar ya ce yana son ya sake ganin furen da ke ƙofar gidansu na arewa, inda aka haife shi. Sunan furen ya ɓace masa.

Ni'ima ta hau zemijan, wato babur ɗin haya, ta zaga wajen masu sayar da furanni. Duk furen da ta kawo, sai tsohon ya girgiza kai, hawaye na bin kuncinsa.

Ana haka sai Seydou, wani ɗan garinsu mai fataucin shanu, ya zo gaisuwa. Da ya ji labari, ya durƙusa kusa da tabarma.

"Baba, 'yar bishiya ce, gindinta kauri ne da shi kamar ƙaramar kuka? Furen ja-ja, cikinsa fari-fari, yana fitowa da rani bayan ganye ya zube?"

Tsohon ya gyaɗa kai da ƙarfi.

"Kariya ce," in ji Seydou.

Bayan mako uku ya kawo ta a motar shanu, cikin buhu. Ya ce, "Ƙanwata, ki sa ta a yashi, cikin tukunya mai huji, inda rana ke duka. Ruwa sau ɗaya a kwana goma ya ishe ta, kuma kada ruwan sama ya zauna mata. Ruwan jikinta guba ne, ki riƙa wanke hannu."

Ni'ima ta yi godiya a baki. A ranta kuwa cewa ta yi, mai shanu me ya sani game da fure? Ta sayo baƙar ƙasa da taki, tana shayar da ita safe da yamma. Ga damina ta kankama.

Ganyen ya yi rawaya. Sai ta ƙara ruwa.

Kullum Malam Ɗahiru na kallon ƙofa, yana tambayarta da ido. Ita kuma sai ta ce, "Saura kaɗan, Baba."

Da Seydou ya dawo bayan wata biyu, ya danna gindin da yatsa, yatsan ya nutse. Gindin ya ruɓe.

Ni'ima ta sunkuyar da kai. "Malam Seydou, ban bi maganarka ba."

Ya zaro wuƙa ya yanke reshe ɗaya da ya rage da rai, ya ce ta bar shi a inuwa mako guda bakinsa ya bushe, sannan ta kafa shi a yashi.

"Yaushe zai yi fure?"

"Da uwar ta rayu, da an gani da wuri. Wannan kam sai rani ya yi nisa, in Allah ya so."

"Babu taki ko magani da zai sa ya yi sauri?"

"Babu."

Wannan karon ta bi maganarsa sau da ƙafa. Reshen ya kama, ya fitar da ganye huɗu. Jikin tsohon kuwa kullum baya yake yi. Takan zauna tsakanin tabarmarsa da tukunyar, ba abin da za ta iya yi wa ko ɗaya.

Malam Ɗahiru ya rasu a watan Disamba.

A Fabrairu, wata safiya tana shirin fita aiki, ta ga fure biyu sun buɗe a kan reshen. Ta ajiye jakarta ta zauna a ƙasa. Ranar ba ta je biro ba.

Darasi: Kada ka raina shawarar wanda ya san abu saboda sana'arsa ko tufafinsa. Kuskure na gyaruwa, amma lokacin da ya ci ba ya dawowa. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani ya saurara tun da sauran lokaci.