Malam-buɗe-littafi da Tsutsotsin Itacen Lemo

An yi wani zamani da ƙwari ke magana, mutane kuma na jin abin da suke faɗa. A lokacin ne gwamnatin wata jiha ta ce tana neman ƙwaro ɗaya da za ta sa a tambarinta. Za a zana shi a ƙofar sakatariya, da jikin motocin gwamnati, har da bangon littattafan 'yan makaranta. Aka kuma kafa doka: duk wanda aka zaɓa, ba mai taɓa shi, ba mai taɓa 'ya'yansa.

A lambun sakatariyar akwai ƙwari uku. Akwai Malam-buɗe-littafi, kyakkyawa ne, ya kuma san da haka. Akwai Zuma, ba ta zama wuri ɗaya, bakinta kuma ba linzami. Sai Buzuzu, wanda kullum yake gangara dunƙulen kashin shanu zuwa raminsa, domin shi ne abincin 'ya'yansa.

"Kai Buzuzu," in ji Malam, "har da kai a takarar?"

"An ce ƙwaro ake nema, Malam. Ni ma ƙwaro ne."

"To, ka fara wanke hannu tukuna."

Zuma ta ce, "Kai kuma me ka taɓa tsinana wa kowa? Buɗe littafi, rufe littafi, ko baƙi ɗaya ba ka taɓa karantawa ba!"

Ranar zaɓe 'yan kwamitin da gwamnati ta naɗa suka zauna a inuwa. Buzuzu ya gangaro da dunƙulensa, suka toshe hanci. Zuma ta zo, sakataren kwamiti ya kai mata duka da takarda, ita kuwa ta harbe shi a wuya. Shi ke nan, takararta ta ƙare. Sai Malam ya sauka a kan tebur, ya buɗe fukafukai a hankali, baƙi da rawaya kamar sabuwar atamfa. Nan take suka ce, "Ga tambarinmu!"

To, yara, akwai abin da 'yan kwamiti ba su sani ba. Matar Malam ta yi ƙwai a kan itacen lemon da ke bakin ƙofa, kafin wani tsuntsu ya ɗauke ta. Ƙwan sun ƙyanƙyashe, suka zama tsutsotsi masu baƙi da fari, in ka gan su sai ka rantse kashin tsuntsu ne. Haka 'ya'yan malam-buɗe-littafi suke tun asali. Shi ma haka ya faro.

Ranar bikin buɗe tambari aka cika wurin. Ga manyan baƙi, ga matansu sun sha leshi, ga makaɗa. Malam yana bisa furen da ya fi kowanne tsawo, ana nuna shi da yatsa.

Sai ga Baba Jatau mai kula da lambu, goye da tankin feshi. An ba shi umarni ya kawar da tsutsotsin da ke cinye ganyen lemo, amma dattijo ne mai bin doka. Ya rusuna a gaban jama'a ya ce da Malam, "Ranka ya daɗe, an ce kada a taɓa 'ya'yanka. Waɗannan na kan lemo, naka ne? In naka ne, wallahi ko ganye ɗaya ba zan fesa ba."

Wata hajiya ta leƙa itacen, ta ja da baya tana yamutsa fuska. "Tir! Wannan ƙazantar?"

Malam ya dubi hajiya, ya dubi hotonsa a jikin ƙofa. Kalma ɗaya ce kawai ake nema daga bakinsa.

"Nawa?" ya ce. "Baba, dube ni, ka dube su. Ina alaƙar atamfa da tsumma?"

Ƙaramin cikin tsutsotsin ya ɗago kai. "Baba, mu ne fa."

"Wane ne babanku? Ku nemi ubanku a gaba!"

Zuma ta taso a fusace. "Malam, ka ji tsoron Allah! Ina nan aka yi ƙwan nan, ranar har rawa ka yi!"

"Hassada ce ke cin ki, don ba a zaɓe ki ba."

Buzuzu ya ajiye dunƙulensa. "Malam, biki na yini ɗaya ne. Ka ce naka ne mana."

"Kai, matsa can, kana ɓata mana iska."

Baba Jatau ya sake tambaya, har sau uku. Sau uku Malam na cewa bai san su ba. Dattijo ya ce, "To, shi ke nan." Ya murɗa bakin tanki. Kafin makaɗa su gama kiɗa na biyu, babu abin da ke motsi a kan lemon.

Kwanci tashi ba wuya. Bayan 'yan makonni launin Malam ya koɗe, gefen fukafukansa ya yayyage. Wata safiya ya lallaɓa ya sauka a ƙofar sakatariya, daidai gefen hotonsa. Maigadi ya ɗauko tsintsiya.

"Kai, tashi daga nan, kada ka ɓata mana tambari!"

"Ni ne fa! Ni ne na jikin hoton!"

Maigadi ya dubi hoton, ya dube shi, ya fashe da dariya. "Dube ka, dube shi. Ina alaƙar atamfa da tsumma?" Ya share shi ƙasa.

Yana kwance cikin ƙura sai ga 'yan makaranta an kawo su ganin ƙwaron jiha. Suka zagaye lambun kaf, ba su ga ko ɗaya ba. Malamarsu ta ce, "To, ku kalli hoton kawai."

Can sai ga Buzuzu ya biyo ta wurin, 'ya'yansa goma sha biyu a bayansa, kowanne da ɗan dunƙulensa. Ya tsaya, ya ce da su, "Ku gaida Malam."

Suka haɗa baki, "Ina kwana, Malam? Ina yara?"

Malam ya ɗaga kai ya dubi itacen lemo. Itacen ya yi sabon ganye shar, ko huda ɗaya babu.

Darasin wannan labari shi ne, kada ka ji kunyar naka don idon mutane. Ni uwa ce, kuma abin da ke sa gabana faɗuwa ke nan: a ɗaga mutum sama kaɗan, sai ya ƙi sanin waɗanda ya fito cikinsu ko waɗanda suka fito daga jikinsa. Yarana, masu tafi suna watsewa kafin la'asar, hoto kuma ba ya kawo maka ruwa ranar da ka kwanta. In an tambaye ka a gaban jama'a, "Wannan naka ne?" ko da tsumma ne a jikinsa, ka buɗe baki ka ce, "Nawa ne."