Bunsurun Mai Guduma

An yi wani bunsuru a wata gona da ke bakin teku, can arewacin Turai inda sanyi ke daskarar da ruwa. Sunansa Torfi. Yana da ƙahoni masu kyau, da akuyarsa, da 'ya'ya duk sun cika garke. Amma girman kai ya yi masa katutu, ko gaishe shi aka yi sai ya ga dama yake amsawa.

Mutanen ƙasar a wancan zamani alloli suke bauta wa barkatai. Cikinsu akwai na tsawa, wanda suke kira Mai Guduma. Ba doki yake hawa ba, karusa gare shi, bunsuraye biyu ke janta a sararin sama.

Wata rana Mai Guduma ya sauka a gonar don ya huta. Aka kwance bunsurayensa aka kai su garke. Ɗaya ya koma gefe ya kwanta. Ɗayan tsoho ne mai suna Gamli, duk gajiya ta bayyana a idonsa. Wata hankaka mai kwaɗayin tsiya, Kiraka, wadda ke bin karusar ko'ina, ta sauka a kan shinge.

Torfi ya zagaya tsohon yana hura hanci. "Baba, wai kai ne ke jan karusar nan? Da waɗannan ƙafafun naka kamar sillen kara?"

"Ni ne, ɗana."

"An ce ba kwa mutuwa."

"Muna mutuwa mana," in ji Gamli. "Kullum rana ta faɗi sai ya yanka mu ya yi tuwon dare da namanmu. Ya tattara ƙasusuwa a cikin fata. Gari na wayewa ya ɗaga guduma a kansu, mu miƙe."

"To ai shi ke nan! Kun tashi!"

"Wuƙar fa? Kana jin don ta saba da wuyana ta daina zafi? Babu yankan da na manta, ko ɗaya. Ka zauna da iyalinka, yaro. Kai sau ɗaya za ka mutu, ba ka san irin sa'ar da ka yi ba."

Kiraka ta yi caraf ta ce, "Kai, Gamli, ka cika baƙin ciki!" Sai ta juya wurin Torfi ta ce, "Haba! Ranka ya daɗe, kada ka saurare shi. Kishi ne kawai. Ƙahoni irin naka a ce a garke za su ƙare?"

Kun san dalilin zaƙin bakinta? Duk yamma ita ke samun kayan ciki, kuma na tsoho ya fara yi mata tauri.

Maganar ta shiga kan Torfi. Ya ja da baya, ya sunkuyar da kai, ya kwasa a guje ya tunkuyi tsohon a gwiwa. Ƙas! Ƙafa ta karye. Gamli ya faɗi, bai ko yi kuka ba.

Da Mai Guduma ya fito ya ga ɓarnar, gemunsa har rawa yake don fushi. "Wa ya yi wannan?"

Torfi ya fito yana taƙama. "Ni ne, ranka ya daɗe. Na fi shi ƙarfi."

Mai Guduma ya dube shi sama da ƙasa. "To, shiga igiyarsa." Ya bar wa mai gonar gurgun tsohon.

Akuyar Torfi ta bi shi har bakin shinge tana kuka. "Maigida, yaran fa?" Wallahi ko waiwayowa bai yi ba.

Ranar farko, ai sai wanda ya gani! Kofatonsa na taka gajimare, tsawa na tashi, mutane a ƙasa suna faɗuwa suna roƙo. Torfi ya ji duniya ta zama tasa.

Sai rana ta faɗi. Aka kayar da shi, aka danne ƙahonin nan da yake ji da su, aka sa wuƙa.

Da safe ya miƙe, zafin wuƙar na nan a maƙogwaronsa. Kafin ya gama dawowa hayyacinsa an ɗaura masa igiya. Da yamma aka sake. Gobe ma haka, jibi ma haka. Abin tausayi, ya kai ga ko ciyawa ba ya iya ci in ya ga inuwa ta fara tsawo.

Shekaru suka yi ta wucewa. Wata rana suka bi ta saman gonar, ya leƙa bai gane kowa a garken ba.

"Kiraka, ina iyalina?"

"Wane iyali? Ai jikokin jikokinka ma an cinye su."

"Gamli fa?"

"Ya yi ƙiba, ya tsufa, ya mutu a kan ciyawa yana shan hantsi. 'Ya'yanka ne ma suka kewaye shi, Baba suke ce masa."

Hawaye suka fara bin gemun Torfi. Can ya ce, "Yaushe wannan abu zai ƙare?"

"Ranar da duniya za ta tashi, in ji su, ranar da kerkeci zai haɗiye rana. Da sauran tafiya."

"Don girman iyayenki ki taimake ni. Yau in an yanka ni, ki ɗauke ƙasusuwana ki watsa a teku. In babu ƙashi, guduma ba ta da abin tayarwa. Ba na son komai, so nake in mutu in huta."

Kiraka ta karkata kai ta dube shi, ta yi dariya. "In watsar da kai, gobe in ci me?"

Ta tashi ta sauka kan wani reshe tana gyara fiffike, don rana ta kusa faɗuwa.

Darasin wannan labari shi ne, yara, kada ku ture wani don ku hau matsayin da ba ku san wahalarsa ba. In wanda ke ciki ya ce muku da zafi, ku yarda da shi. Mai zuga ku kuwa, ku tambayi kanku me zai ci in kun faɗi.