Tumatirin Sabina da Sanyin Zofiya

Akwai wani dattijo a ƙauyenmu, can gabashin Poland, mai suna Bogumil. Shekara talatin da biyu ya yi yana tuƙa bas a birni, kuma idan ka zauna da shi minti biyar sai ya gaya maka bai taɓa yin latti ba ko sau ɗaya. Mutumin kirki ne, ina son sa har raina, amma jira ba ya cikin jininsa.

Da matarsa Sabina ta rasu, zaman birni ya gagare shi. Sai ya tattaro kayansa ya dawo tsohon gidan iyayenta da ke gangaren kogi, mai ɗan lambu a baya.

Yana gyaran kicin wata rana a cikin hunturu, ya ci karo da wata 'yar ambulan a aljihun tebur. A bayanta akwai rubutun hannun Sabina: "Tumatirin Mama." Irin wani ƙaton tumatir ne mai launin hoda, mai taushin ɓawo, wanda ba a sayar da irinsa a kanti. Uwar Sabina ta yi ta shuka shi, Sabina ta gada, kowace shekara tana cire iri tana adanawa. Shekara biyun da ta yi tana jinya ba ta shuka ba. Abin da ke cikin ambulan ɗin shi kaɗai ya rage a duniya.

Bogumil ya zauna ya daɗe yana kallon rubutun. Daga nan ya yi alkawari a ransa cewa bana sai ya ci tumatirin matarsa.

A tsakiyar Maris, ƙasa tana nan daskare a waje, ya jera robobin yogot a bakin taga kamar yadda kowa yake yi a nan, ya shuka irin. Maƙwabciyarsa Leokadia ta shigo kawo masa ƙwai ta gani. Tsohuwa ce mai shekara saba'in da takwas, ƙawar Sabina tun suna 'yan mata, bakinta kuma ba ya ajiye magana. Kamar yadda aka saba a nan, tana ce masa Pan, wato Malam, shi kuma yana ce mata Pani, wato Malama.

Ta ɗaga ambulan ɗin ta girgiza, ta ji wayam.

"Pan Bogumil, duka ka zuba? Ko biyar ba ka rage ba?"

"In rage in yi me da su, Pani Leokadia? In dafa?"

"Oho dai. Ni na faɗa."

Irin ya tsiro. Bogumil ya koma kamar mai jego, yana juya robobin safe da yamma don kowanne ya sami rana. Da suka yi ganye, ya zaɓi goma sha huɗu masu ƙarfi ya sauya musu manyan tukwane. Guda uku kuwa sun tashi sirara, sun langaɓe, sai ya ɗauke su zai watsa a juji.

Leokadia tana shanya a bayan shinge ta hango shi.

"Kai, direba! Ina za ka kai su?"

"Ragwaye ne. Ba na ɗaukar fasinjan da ba zai iya tsayuwa ba."

"Miƙo min su nan."

Ya miƙa mata yana dariya. "Ga su, ki buɗe musu asibiti."

Afrilu ta zo, ƙasa ta saki. Leokadia ta shuka albasa da karas da latas, abubuwan da sanyi ba ya tsorata su. Tumatirinta da kokwamba da tattasai kuwa suna ɗaki. Da rana takan fitar da su baranda awa ɗaya, washegari awa biyu, don su saba da iska, yamma na yi ta kwashe su ciki.

To, a ƙarshen watan sai wani zafi ya sauko mana. Mutane suka ajiye rigunan sanyi, itatuwan tuffa suka yi fure fari fat, kowane gida ƙamshin gasa nama. Wanda bai san ƙasar nan ba sai ya rantse bazara ta zauna ke nan.

Ranar ɗaya ga Mayu, da sassafe, Leokadia ta leƙo ta ga Bogumil durƙushe a lambu, ya ja igiya, yana dasa tumatirinsa a layi tsaf.

"Wayyo ni! Pan Bogumil, me nake gani haka? Ai Zofiya ba ta wuce ba!"

Duk ɗan ƙauyenmu ya san Zofiya. Ba mutum ba ce, sunan ranar sha biyar ga Mayu ne a kalandarmu, kuma kwanakin da ke gabanta sanyi yakan juyo ya yi mana bankwana. Kakanninmu ba sa fitar da tumatir sai ta wuce.

Bogumil ya ciro wayarsa ya ɗaga mata. "Pani Leokadia, duba nan. Kwana goma rana ce zalla. Zofiyarki ta tsufa, ta yi ritaya kamar ni."

"Wayar taka ta taɓa kwana a gangaren nan? A gari suke auna nasu. Mu nan sanyi gangarowa yake yi ya kwanta a bakin kogi, kuma lambunka ne ya fi na kowa ƙasa."

"Ki bari kawai. Ranar da zan ci tumatir, naki ko fure bai yi ba. Zan aiko miki da ɗaya ki ɗanɗana."

"Allah ya kai mu," in ji ta, ta koma ciki tana girgiza kai.

Kwana goma sha ɗaya Bogumil yana cin nasara. Tumatirin ya kama ƙasa, ya yi kore shar. Bayan coci ranar Lahadi sai da ya tare mutane a bakin ƙofa yana ba su labarin yadda tsofaffi ke tsoron kalanda. Ni ma ina wurin, kuma ba zan ɓoye muku ba, na yi dariya tare da shi.

Ranar sha biyu ga wata da yamma iska ta juya, ta fara busowa daga arewa. Can kuma ta tsaya cak, sama ta washe, babu gajimare ko ɗaya. Leokadia ta fito da tsofaffin labulaye ta rataya a kan shinge.

"Maƙwabci, ka lulluɓe su yau. Gwiwoyina tun rana suke gaya min sanyi na tafe."

"Waya ta ce digiri huɗu ne. Huɗu ba ya kashe komai."

"Ba don ni ba. Don Sabina."

Ya kalli labulayen kamar zai karɓa. Amma ya riga ya cika baki a gaban jama'a, kuma lulluɓewa tamkar amsa laifi ne. Ya ce mata ta kwana lafiya. Labulayen suka kwana a kan shinge.

Da gari ya waye, ciyawa ta yi fari, ruwan bokiti ya yi ɓawon ƙanƙara. Bogumil ya fito da silifas. Da farko tumatirin suna tsaye, har ya fara murmushi. Rana na taɓa su, ganyen ya yi baƙi, suka zube ɗaya bayan ɗaya kamar dafaffen alayyafo. Ya bi layin yana taɓa kowanne. Goma sha huɗun, babu wanda ya tsira.

Ya zauna a kan bokitin da ya kifa, ya ciro ambulan ɗin da kullum take aljihunsa, ya buɗe ya leƙa ciki, alhali ya san babu komai. Sai kuka ya ƙwace masa. Tun ranar jana'iza ba a ga hawayensa ba sai ranar.

Leokadia ta gan shi ta taga. Duk ƙauyen an san ta da "ai na faɗa maka," amma ranar ba ta ce uffan ba. Ta kwashe labulayenta ta shige.

Kwana uku Bogumil bai fito ba.

Ranar sha shida da hantsi aka ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ya buɗe ya ga Leokadia da baro. A ciki akwai tukwane uku, kowanne da tumatir mai kaurin kara, ganye kore, an ɗaure shi da ɗan tsumma a jikin sanda.

"Na gode, Pani Leokadia, amma ba na son wani tumatir. Nata nake so, kuma na kashe shi da hannuna."

"Buɗe idonka da kyau, direba. Fasinjojinka ne da ka sauke a hanya. An sallamo su daga asibiti."

Bogumil ya kalli tukwanen, ya kalle ta.

"Ragwayen nan?"

"Su fa. Ni da Sabina mun ci tumatirin nan a kicin ɗin uwarta tun ba ka san hanyar ƙauyen nan ba. Ka ɗauka zan tsaya ina kallo ka zuba shi duka a rami ɗaya?"

Ya kama hannunta da hannu biyu ya sumbata, yana kuka yana dariya.

"To, ya isa, sake ni," in ji ta, ita ma tana share ido da gefen ɗankwali. "Ɗauko shebur. Zofiya ta wuce jiya."

Suka dasa su tare. A cikin Agusta na farko ya nuna, ƙato, har ya rinjayi reshe. Bogumil bai yanka shi shi kaɗai ba. Ya ɗauka ya kai gidan Leokadia, suka yanka a kan burodi da gishiri da 'yar albasa. Ya kai loma ɗaya, ya rufe ido, ya ce, "Shi ne."

Ya kwashe irin a cikin ɗan kofi, ya wanke, ya shanya. Da kaka ta yi sai ga shi yana bi gida gida da ambulan. Gida shida ya ba, har da namu. Tawa tana nan a aljihun tebur, kuma ga abin da ya rubuta a bayanta da manyan baƙaƙe:

"Tumatirin Sabina. Kada a shuka duka. Kada a dasa sai Zofiya ta wuce."

Darasi: Kwana biyu na rana ba su ne bazara ba, kuma gaggawa tana iya cinye abin da ka fi so cikin safiya ɗaya. Ka saurari wanda ya riga ka sanin wuri, kada cika baki ya hana ka gyara kuskure tun da sauran lokaci, kuma abin da yake da daraja a wurinka ka ba wani ya riƙe maka kaɗan. Ku tura wa duk wani mai gaggawa da kuke ƙauna, da kuma maƙwabcin da ya taɓa rufa muku asiri.