Mutumin da Ya Kulle Wa Garinsu Itace

An yi wani mutum a wani ƙauye, ya 'yan uwa, mai sayar da itacen girki. Shi ne auta a ɗakinsu, kuma yayarsa ce ta goya shi bayan mahaifiyarsu ta rasu. Sana'arsa halal ce tsaf. Yana da tsohuwar mota da yake shiga daji da ita, yana da fili a bayan gida inda kawunsa, wani tsoho mai faskare, yake tsaga masa gungume yana ɗaurewa. Yana da mata da 'ya'ya, yana da gona, yana da shanun huɗa biyu. Me ya rage wa irin wannan ban da godiya?

Sai wata shekara kananzir ya yi tashin gwauron zabo. Matan da suka saba da risho suka goge shi suka ɗora a kan kabad. 'Yan gidajen da ke da tukunyar gas suka ga kuɗin motar kai ta birni a cika ya kusa kamo kuɗin gas ɗin, suka tura ta lungu tana tsatsa. Kowa ya dawo murhu. Dajin kusa kuwa an daɗe da cinye shi. Sai mace ta yi tafiyar rabin wuni kafin ta haɗa abin da za ta ɗauko a ka.

Mutumin nan ya zauna ya yi tunani, shaiɗan na zaune a gefensa yana gyaɗa kai. Ya ce a ransa, da rani kowa na iya tsintar kara da ƙirare. Amma idan damina ta zauna, kara ya ƙare, hanyar daji ta yanke, ina za su? Wajena.

Ya sayar da gonar. Ya sayar da shanun. Duk wanda ya ɗauko itace zai kai kasuwa, sai ya tare shi tun a hanya ya saye. Motarsa ba ta huta ba har ƙarshen bazara. Tulin itace ya tashi a bayan gidansa har ya zarce rufin ɗakinsa, wanda kuma yake son hayaƙi ya tashi a gidansa da damina ya san ƙofar da zai tsaya.

Kawun nasa ya duba yadda ake jibga itacen, ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, ba a zuba itace a kan ƙasa. Duwatsu ake jerawa, a barbaɗa toka, a bar ƙofofi iska ta riƙa ratsawa. Duk wata kuma a juya, na ƙasa ya koma sama. Shekara arba'in ina wannan aiki."

Ya ce, "Kawu, ƙofar da iska za ta shiga, hannun ɓarawo ma zai shiga. Juyawar kuma wa zai biya masu juyawa?"

Ya sa aka matse itacen ba tsaga ko ɗaya. Ya lulluɓe shi da tamfol tun daga sama har ƙasa, ya danne bakin da ƙasa, ya kewaye da katanga, ya sa kwaɗo. Ya ware ɗan kaɗan a rumfa na sayarwa. Sannan ya ce wa tsohon aikin faskare ya ƙare, ya je ya huta. Tsoho ya saɓa gatarinsa ya tafi.

Ruwa ya sauka, ya zauna da gindinsa. Ɗaurin da aka sani da itace bakwai ya koma biyar, ya koma huɗu, kuɗinsa kuma na hawa kowane mako. Babban tulin kuwa ya rantse ba zai buɗe ba sai gari ya gama galabaita.

Kun san abin da ake nufi da gida ba wuta? Ba yunwar rashin hatsi ba ce. Ga hatsi a buhu, ga ruwa a randa, ga yara sun kewaye uwa suna kallon tukunya, amma ba abin da za a cusa a ƙarƙashinta. Gidaje suka koma girki sau ɗaya a wuni. Aka ƙona tsofaffin turame, aka ƙona shingen awaki. Wasu har leda da tsofaffin takalma suke turawa a murhu, abinci ya fito yana warin roba, tsofaffi su wuni suna tari.

Yayar nan tasa mijinta ya rasu, jikoki huɗu ne a hannunta. Aka yi kwana uku ana ruwa, murhunta bai ga wuta ba. Ran na huɗu da hantsi ta kwance 'yan kuɗin da ke bakin zanenta, ta taka taɓo har rumfarsa.

Ta ce, "Auta, ba roƙo na zo ba. Ga abin da na saba biya. Ka ba ni ɗauri ɗaya, yaran nan kwana uku ke nan gari suke sha da ruwan sanyi."

Ya ce, "Yaya, in na rage miki yau, gobe duk matan garin nan za su zama yayyena."

Ya 'yan uwa, duk sanda na zo wannan waje zuciyata takan yi zafi. Matar da ta tauna ta ba ka a baki! Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba. Ta ƙulle kuɗinta, ta juya.

To, ku saurari yadda Allah yake aikinsa.

Hanyarta ta komawa gida ta bi ta bayan injin casar shinkafa. A nan ake zubar da buntu, wato ɓawon shinkafa, ya taru ya yi tudu. Ba mai so. Mai injin kansa yakan cinna masa wuta don ya rabu da shi. Sai ta ga hayaƙi siriri na fita daga tudun. Ta tsaya. Kwana uku ana ruwa, abin nan bai mutu ba? Ta sa kara ta tona, ta ga cikinsa ja wur. Ta cika zanenta da busasshen buntu daga ƙarƙashin rumfar injin, ta wuce.

Kada ku ɗauka ta samu a ranar. Ta zuba a murhu, ya kashe mata 'yar wutar da ta roƙo a maƙwabta. Ta sake, hayaƙi ya turnuƙe gidan har akuya ta tsinke igiya, maƙwabta suka shigo da bokitai suna tsammanin gobara. Aka yi mata dariya. Ita ma ta yi, tana share hawayen hayaƙi.

Kawun nan da aka kora yana zaune a zaure ba aikin yi, labari ya kai masa. Ya zo ya tsuguna ya duba. Ya ce, "'Yar nan, wuta numfashi take so, ke kuma kin toshe mata hanci. Nemo tsohon bokiti."

Ta kai bokitin maƙera ta ce a huda shi a gefe, kusa da gindi. Maƙerin ya ce, "Inna, wannan da ruwa ya ƙi zama a cikinsa, wuta ce za ta zauna?" Ta ce, "Kai dai huda."

Suka tsayar da taɓarya a tsakiyar bokitin, suka zura ƙotar fartanya ta hudar gefe har ta taɓa ta. Suka haɗa buntu da garin katako daga wajen kafinta, suka ɗan yayyafa ruwa, suka danna, suka danna, har ya yi tauri. Sannan suka zare taɓarya da ƙota a hankali. Rami ya fito daga gefe ya miƙe sama. Ta tura 'yan ƙirare uku ta ƙasa, ta kunna.

Wuta ta kama, ya 'yan uwa. Ta miƙe tsaye ta cikin ramin, ba hayaƙi sai kaɗan. Ta dafa abinci, ta sauke, ta ɗora ruwan wanka, ta sauke, wuta na nan. Maƙwabciya ta kawo tata tukunyar, ita ma ta nuna. Jikoki huɗu suka ci mai zafi har da neman ƙari.

Yanzu ku dubi bambancin mutum da mutum. Da ƙaninta ne ya gano wannan, da ya kulle ƙofa ya sa kwaɗo na biyu. Ita kuwa ta fito da bokitin tsakar gida, ta ce duk mai so ta zo ta gani. Ba ta karɓi ko sisi ba. Cikin mako biyu ba ka jin komai a maƙera sai ƙarar huda. Tsohon bokiti, gwangwanin fenti, rabin ganga, duk abin da aka yar a bola aka tsinto shi. Tsohon da aka ce ya je ya huta ya zama shi ake aikawa a kira gida-gida. Layi ya tashi daga rumfar itace ya koma bayan inji. Da safe ka ji ƙamshin girki ta kowace kusurwa, yara sun dawo da guje-gujensu.

Shi kuwa mutumin ya yi dariya. Ya ce wutar shara ce, za su gaji su dawo. Mako ya wuce, ƙafa ta ɗauke daga rumfarsa. Sai ya sa hularsa ya tafi wajen mai inji, ya ja shi gefe, ya ce zai saye buntun duka, har na baɗi.

Mai injin bai rage murya ba. Ya ce, "Ai buntu ba nawa ba ne, na masu shinkafa ne. Ga su can a layi, je ka taya a wajensu." Matan suka fashe da dariya, ya juya bai waiwayo ba.

Shin Allah bai ba shi dama ba? Ya ba shi. Da a ranar ya ɗage tamfol ɗin nan, ya ce jama'a ku yafe ni, ku zo ku saya yadda aka saba, da ya tsira da mafi yawan dukiyarsa, da ya tsira da mutuncinsa. Amma girman kai ya ce masa ka daure. Ya ƙara ɗaure igiyoyin tamfol ɗin.

Da ruwa ya ɗauke, hanya ta buɗe, sai ga wani mai gidan burodi daga birni yana neman itace mai yawa. Suka daidaita. Mutumin nan ya ce to, yau za a san wane ne wawa. Ranar da manyan motoci biyu suka iso, ya sa sabuwar riga, ya buɗe ƙofar katanga wangam don kowa ya gani. Jama'a kuwa suka taru, rana tsaka.

Aka yanke igiyoyi, aka yaye tamfol. Wani warin danyar ƙasa ya bugi mutane. Layin sama lafiya lau, aka fara lodi. Da aka zo layi na biyu, wani lebura ya ɗaga gungumen da a da sai mutum biyu, ya ɗaga shi da hannu ɗaya. Ya ɗan matsa shi da yatsa, ya ruguje, ƙasa ta zubo.

Gara ce, ya 'yan uwa. Wata biyar tana cikin duhu da laima, ba iska, ba toka, ba mai juyawa, ba mai leƙawa. Ta hau daga ƙasa ta cinye ciki, ta bar masa ɓawo yana gadi. Abin da yake kewayawa kullum da makulli a aljihu ba tulin itace ba ne, shuri ne. Da aka ja wani gungume daga gefe, rabin tulin ya zube gaba ɗaya, ƙura ta tashi. Kajin unguwa suka ruga ta tsakanin ƙafafun mutane suka hau kai suna tsattsaga. Su kaɗai suka ci ribar cinikin nan.

Mai burodi ya sa aka sauke ɗan abin da aka loda, ya ce bai kai kuɗin man mota ba, ya tafi. Mutumin ya durƙusa da sabuwar rigarsa yana tona ƙasa da hannu yana neman itace mai kyau. Kawunsa na cikin taron. Bai ce ai na faɗa maka ba. Ya kawar da kai kawai.

Kaka ta yi, kowa na shigo da amfanin gona, shi ba gonar. Ya sayar da motar ya sayi hatsi. Ɗan itacen da ya rage ya ƙare. Aka wayi gari mutumin da ya so ya riƙe wutar gari duka a hannunsa, gidansa ne kaɗai hayaƙi ba ya tashi.

Wata safiya aka gan shi a ƙarshen layi a bayan inji, da buhu a hammata, kansa a ƙasa. Yayarsa na gaba. Ta fito daga wajenta, ta zo ta karɓi buhun ta cika da hannunta, ta ɗora masa a ka, ta ce ya biyo ta. A tsakar gidanta ta ajiye masa bokiti hudajje.

Ta ce, "Zauna, Auta. Riƙe taɓaryar nan a tsakiya, kada ta karkace. Danna sosai."

Ya danna, hawaye na zuba a cikin buntun. Ranar 'ya'yansa suka ci abinci mai zafi. Gona kuwa da shanu da mota, har ya tsufa bai sake mallakar ko ɗaya ba.

Ya 'yan uwa, addininmu ya hana ɓoye abin da mutane ke bukata don a matse su. Ciniki halal ne, riba halal ce, amma riba daga kukan maƙwabci ba ta zama. Kai da ke da jarkokin kananzir a ƙuryar ɗaki kana jiran ya ƙara tsada, kai da ka jibge buhunan gawayi kana addu'ar ruwa ya tsananta, kana tsammanin kai kaɗai ka san inda ka ajiye? Allah bai aiko wa mutumin nan da tsawa ba, bai aiko da runduna ba. Ƙwaron da yaro zai murƙushe da yatsa aka tura masa.

Ke kuma da murhunki ya yi sanyi, kai da aljihunka ya gaza, kada ku yanke ƙauna. Mutum na iya kulle ƙofarsa, amma ba shi da makullin arzikin kowa. Kuma idan Allah ya buɗa muku, ku fito da shi tsakar gida kowa ya gani.

Allah ya raba mu da kwaɗayin da ke rufe ido. Allah ya sa kada wutar wani gida ta mutu ta dalilinmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuri'armu. Amin.