Adakar Hotunan Malam Isiyaku

Akwai wata baiwar Allah a Tudun Wadan Zariya mai suna Surayya, malamar firamare ce, kuma ita ce autar Malam Isiyaku mai hoto.

Duk wanda ya tashi a unguwar a zamanin da ake yin wanka a ci ado don kawai za a je ɗaukar hoto, ya san Malam Isiyaku. Shi ya ɗauki angwaye da amare, shi ya ɗauki samarin da suka sayi sabon keke suka zo suka jingina da shi suna murmushi. Da wayoyin hannu suka cika gari sai sana'ar ta ja baya, ga tsufa ya zo, ya rufe shagon ya dawo gida.

Wata rana da damina ɗakin ajiyarsu ya fara yoyo. Surayya ta shiga kwashe kaya, sai ta ci karo da wata tsohuwar adaka a bayan buhunan masara. Tana ɗaga murfin ta saki ihu.

"Baba! Yaya Suhaibu! Ku zo ku gani!"

Hotuna ne maƙil, marasa kala da masu kala. Maza da tulin suma da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa. Mata da ɗaurin ɗankwali kamar zai taɓa rufi. Wani ya rungume rediyo, wani ya hau basfa a gaban labule mai zanen jirgin sama.

Ranar nan ko girki sai da aka makara. Suka baje a tabarma, Malam Isiyaku yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana faɗin sunan mai shi da gidansu, su kuma suna ta ƙyalƙyala dariya. Amma na ƙasan adakar danshi ya fara manne su, gara kuma ta ci gefen wasu.

"In aka bar su haka, baɗi babu su," in ji Surayya. "Mu kwafe su mu ɗora a intanet, inda ruwa da gara ba za su kai ba."

Suhaibu, yayanta, yana sayar da kayan waya a unguwar Kongo da ke nan Zariya, kuma a ganinsa duk Zariya babu wanda ya fi shi sanin harkar intanet. Nan take ya zaro waya.

"An gama. Akwai wata sabuwar manhaja da ake yayi. Kyauta ce, ba iyaka, kina ɗorawa duniya na gani. Kafin sati ya zagayo mun yi suna."

"Bari in duba ta tukuna, Yaya. Akwai wasu ma, sai mu gwada mu gani."

"Ki duba me? Ni da nake cikin harkar na ce miki ta yi. Ke dai ki tsaya kan allo da alli."

Maganar ta sosa mata rai. Suka raba aikin: ya kwashi kaso guda ya tafi da shi shago, ita kuma ta aro na'urar kwafar hoto a wurin wata abokiyar aikinta.

Kullum in ta taso daga makaranta sai ta zauna da wayarta. Ta sauke manhajoji daban-daban. Kowace sai ta ɗora mata hoto guda, ta sake sauke shi, ta ga ko ya dawo da kyansa. A manhajar da Suhaibu ya zaɓa kuwa, hoton ya dawo a dushe, an matse shi har ba a gane idon mutum. Ta zauna ta karanta dogon rubutun sharuɗɗan da kowa ke tsallakewa, har idonta ya yi ja. A ciki ta ga inda aka ce duk hoton da ka ɗora, kamfanin na da damar ba masu talla.

Ta nuna wa Suhaibu. Ko kallon wayar bai yi ba.

"Duk haka suke rubutawa. Wa zai yi talla da hoton tsofaffi?"

A ƙarshe ta zaɓi wata ma'ajiya wadda ba ta da wani ƙyale-ƙyale. Ana ɗan biyan wani abu duk wata, amma hoto yana zama yadda aka ɗora shi, kana iya kwashe kayanka duk ranar da ka ga dama, kuma babu mai gani sai wanda ka tura wa gayyata. Ta fara buɗe wa kowane gida albam ɗinsa daban.

Shi kuwa Suhaibu, abu kamar wasa shafinsa ya kama wuta. Mabiya suka yi ta tururuwa. Yakan shigo gida yana ɗaga waya sama.

"Kin gani? Har daga Legas ake min sharhi! Ke naki mutum nawa suka gani?"

Gaskiyar magana, Surayya ta ji wani iri. Ita tana ta fama da goge ƙura da tambayar Baba sunayen mutane, shi kuma ana ta yabonsa. Har ta taɓa buɗe manhajar tasa, ta zaɓi hoto, yatsanta na kan wurin dannawa. Sai ta kalli fuskar matar da ke hoton, ta tuna ba ta ma san ko tana raye ba, balle ta nemi izininta. Ta rufe.

Ana nan sai ta ciro wani hoto mai kyau ƙwarai: wata matashiya da zane biyu da sarƙar murjani, ta rungume jaririya tana dariya har haƙoranta a waje.

Malam Isiyaku ya daɗe yana kallo. "Wannan ai matar Vincent ce, mai gyaran keken ɗinki. Allah Sarki. Ba ta daɗe ba bayan wannan hoton ta rasu. Jaririyar nan ita ce Obiageli, mai kantin magani a hanyar Gyallesu."

"Maman Sochima?" Surayya ta miƙe tsaye. "Baba, Maman Sochima fa ka ce?"

Suhaibu ya miƙo hannu. "Kawo shi nan. Wallahi wannan in na ɗora sai ya zagaye Najeriya."

"A'a, Yaya. Wannan mahaifiyar wata ce. Ita za ta fara gani."

Ta zura hijabi, ta tari Keke Napep cike da ɗoki. Ta sami Obiageli tana sallamar mai sayen magani. Haifaffiyar Tudun Wada ce, Hausa a bakinta kamar ta kowa.

"A'a, Malama Surayya, lafiya kike haki haka? Jikin Baba ne?"

"Lafiyarsa ƙalau, Anti. Zauna tukuna, na kawo miki wani abu."

Obiageli ta karɓi hoton. Ta kalla, ta sake kallo.

"Wace ce wannan?"

"Baba ya ce mamanki ce. Ke ce a hannunta."

Matar nan ta dafe ƙirji ta zame ta zauna a kan kwali. Ta ce tun tana ƙarama ambaliya ta cinye musu kaya, ko hoto ɗaya na mahaifiyarta bai tsira ba. Ta girma, ta yi aure, ta haihu, ba ta san kamannin wadda ta haife ta ba.

"Dubi hancina! Dubi wushiryar Sochima!" Tana kuka tana dariya, ta rungume Surayya, ta leƙa waje tana kiran maƙwabtan shago su zo su ga mamanta.

A nan Surayya ta buɗe mata albam, ta nuna mata yadda za ta gayyaci 'yan'uwanta na Inugu da Anaca, da yadda su ma za su iya ƙara nasu hotunan a ciki. Kafin Surayya ta iso gida, wayar Obiageli ta ɗauki zafi saboda kira.

Ba a jima ba sai ga abin da ake gudu.

Wata safiyar Asabar aka yi sallama da ƙarfi a ƙofar gida. Alhaji Kailani ne, dattijon da duk layin ke girmamawa, fuskarsa a murtuke. Ya miƙa wa Malam Isiyaku waya.

Hotonsa ne na samartaka, da uwar suma a kai, ga marigayiya matarsa Hajiya Bilkisu a gefensa tana amarya. An rubuta tallar maganin sanƙo a kansu da manyan haruffa, ana ta yawo da shi ana dariya.

"Malam Isiyaku, ni a yi min dariya ba komai. Amma baiwar Allahn nan tana kabarinta. Amana na ba ka ranar da na kawo ta shagonka."

Malam Isiyaku ya sunkuyar da kai. Surayya ba ta taɓa ganin mahaifinta ya ƙanƙance haka ba.

Suhaibu ya fito da sauri, ya goge hoton daga shafinsa a gaban Alhaji. Amma tallar tana nan, don ta riga ta fita daga hannunsa. Alhaji ya juya ya tafi ko sallama babu.

Suhaibu ya zauna a bakin rijiya ya haɗa kai da gwiwa. Yana jira ƙanwarsa ta ce ai ta faɗa masa. Sai ta jawo kujera ta zauna kusa da shi.

"Yaya, kawo wayar. Mu fara sauke sauran kafin wani ma ya fita."

Tare suka goge komai. Tare suka rubuta wa kamfanin ƙorafi, suka yi ta bibiya, mabiyan Suhaibu ma ya roƙe su suka taya su kai ƙara, har aka janye tallar. Ya dawo da kason da ya kwasa, ta sake kwafe su da kyau. A ciki suka tattara duk hotunan gidan Alhaji Kailani, har da na ranar sunan ɗansa na fari.

Suka je gidan su biyu. Suhaibu ya durƙusa.

"Alhaji, laifina ne ni kaɗai. Baba bai sani ba, ƙanwata kuma ta gargaɗe ni na ƙi ji. Ka yafe min."

Surayya ta miƙa masa ainihin hotunan a cikin ambulan, sannan ta nuna masa albam ɗin a waya. "Baba Alhaji, wannan kai kaɗai ke da ikonsa. Wanda ka ga dama shi zai gani."

Dattijon ya yi ta shafa fuskar wayar yana wucewa a hankali. Da ya iso hoton ranar suna sai ya tsaya, ya cire tabarau ya goge ido.

"Tashi, Suhaibu. Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Ke kuma 'yata, tura wa 'ya'yana na Abuja, su ga uwarsu lokacin ƙuruciyarta."

Daga nan labari ya bazu. Gidan Malam Isiyaku ya koma kamar gidan biki. Tsofaffi da jikoki suna ta sallama: "An ce akwai na babanmu?" Wanda aka samu nasa sai ka ji guɗa. Suhaibu da kansa yake zama yana tambayar kowa, "A buɗe muku naku ku kaɗai, ko kun yarda a nuna wa jama'a?" Da yawa sukan ce a nuna, kuma waɗannan ɗin da izini yake ɗorawa.

Wata ranar Lahadi da la'asar sai ga Obiageli ta faɗo gidan ko sallamar kirki ba ta gama ba, daga coci take, ɗankwalinta har ya zame.

"Ina Baba? Malama, buɗe albam ɗinmu! Buɗe yanzu!"

Ashe ƙanin mahaifinta, Chigozie, wanda ya yi karatu a Kongo a wancan zamanin, yana da 'yar kyamararsa. Da ya ga hoton a Inugu sai ya shiga binciken tsofaffin takardunsa, ya samo guda ɗaya da ya ɗauka a ranar bikin haihuwar Obiageli, na baƙin da ke zaune a waje. Ya ƙara shi a albam ɗin.

Surayya ta buɗe. Wani saurayi ne siriri da kyamara rataye a wuya, yana dariya. A gefensa wata amarya ta rufe baki da gefen mayafi, lalle ya yi jajir a hannunta.

Malam Isiyaku ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da ido. Sannan muryarsa ta fito a hankali.

"Ishatu ce, Allah Ya jiƙanta. Mahaifiyarku ce, watanmu na farko da aure. Na ɗauki duk mutanen Tudun Wada, amma ni da ita ba mu taɓa tsayawa a hoto ɗaya ba. Kullum ina bayan kyamara."

Suhaibu da Surayya suka rufu a kansa, kowa na son ya gani da kyau. Surayya ta ja hoton ya ƙara girma, fuskar nan ta fito tarau, har ɗan kunnenta ana gani.

"Baba, ashe kai ma ka yi suma!" in ji Suhaibu yana share hawaye.

Tsohon ya fashe da dariya, irin wadda suka daɗe ba su ji ba. "Suma? Yaro, ai saboda ita uwarku ta yarda da ni!"

Darasi: Hoton mutum mutuncinsa ne, kuma amana ce a hannun wanda ya riƙe shi. Kafin ka ɗora hotuna a kowace manhaja, yi haƙuri ka bincika: wa zai gani, wa ke da iko da su, kuma za ka iya dawo da kayanka yadda ka ba da? Kada ɗokin suna ko jin ka fi kowa sani ya sa ka tozarta wani. Wanda ya kare mutuncin mutane ya faranta musu, Allah zai faranta masa ta inda bai zata ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman masu saurin ɗora hoton da ba nasu ba.