Mutumin da Ya Daina Tofarwa

An yi wani mutum a nan garin Lodi. Ba zan kama sunansa ba, don da yawanku kun sha wuce gonarsa a hanyarku ta zuwa aiki. Gonar inabi ce da kakansa ya dasa. Itatuwan sun tsufa sun karkace, 'ya'yansu kaɗan ne, amma baƙaƙe wuluk. Iri uku ne a gonar, daga haɗinsu ake yin jar giyar gidan, mai kauri, wadda ake tahowa tun daga San Francisco dominta.

Ya 'yan uwa, ku lura da wani abu. Masu wannan sana'a in za su haɗa giya, ganga-ganga suke bi suna ɗanɗanawa, su juya ta a baki, su tofar a bokiti. Su da suka san ta ciki da bai, a bakin aiki ba sa yarda ta wuce maƙogwaro. Wannan bai ishe mu ishara ba?

Uban mutumin nan ya bar masa doka biyu. Ka ɗanɗana, ka tofar. Kuma in ruwan inabi yana tsima a ɗakin ƙasa, kada ka sauka sai da kyandir a kunne, ka riƙe shi ƙasa-ƙasa. Don tsimin yakan fitar da wata iska mai nauyi, ba launi ba wari, ta kwanta a ƙasa. In wutar ta mutu ka juya, in ba haka ba kai ne na gaba.

Ya riƙe dokokin har ya binne uban. Ran nan ya ɗanɗani giyar itatuwan da suka fi tsufa, ya ce ai asara ce a zubar da wannan. Ya haɗiye.

Matarsa Norina ce ta fara ganewa, don ita ke wanke bokitin.

Ta ce, "Maigida, bokitin nan naka shanye giyar yake yi ne? Kullum a bushe nake samunsa."

Ya ce, "Ke dai kin cika sa ido. Harshen nan nawa shi ke ciyar da gidan nan."

"Harshe na san da zamansa. Maƙogwaro ne ban san ranar da muka ɗauke shi aiki ba."

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Lokacin kaka ya zo, aka matse inabi, ɗakin ƙasa ya cika da kumfa. Da hantsi mutumin nan ya riga ya yi tatul. Ga kyandir a bakin matakala, ga ashana kusa da shi. Ya wuce su, ya sauka.

Norina ta ji faɗuwarsa. Ta leƙa, ta hango shi kwance a tsakiyar matakala. Ta san dokar sarai, ita ma ke sayo kyandir ɗin. Amma wace mace ke neman ashana mijinta na kwance? Ta ƙwala wa masu tsinkar inabi kira, ta sauka, ta tsallake shi ta koma ƙasa da shi. Ta sa kafaɗa tana tura shi sama, har hannunsu ya kai gare shi suka jawo shi waje.

Ita da ke can ƙasa a sunkuye cikin iskar, nan ta zauna. Gawarta aka fito da ita.

Shi ya rayu. Gidan giyar ya rufe, tsuntsaye ke cin inabin yanzu. Ni da idona na gan shi da rana tsaka a ƙofar kicin ɗinsa, ya kunna kyandir ya riƙe shi daidai gwiwa kafin ya shiga. Haka yake yi a kowace ƙofa. Na gaishe shi, tausayi ya kama ni.

Ya ce, "Malam, taɓa bayana nan. Ba ka ji ba? Har yanzu turowa take yi."

Ya 'yan uwa, mai saɓo yakan ce, kaina nake cuta, ina ruwan wani? Ƙarya ne. Kurɓa ɗaya ya haɗiye, wadda ba ta taɓa haɗiyewa tare da shi ba ita aka binne. Kai da ke gangarawa yau, ka taɓa waiwayawa ka ga wanda ya sa kafaɗa a ƙarƙashinka? Uwarka ce, ko matarka?

Allah ya raba mu da kurɓar farko, kada ya sa wani ya hallaka wajen ceton mu. Allah ya kiyaye mu.