Farar Tsakuwa ta Goma

An ce wai a Gungun Tsamiya an yi wani Sarkin Ruwa mai suna Gwadabe, wanda ya shekara arba'in yana fiton mutane a kogi bai taɓa rasa ko akuya ba. Da idonsa ya fara dushewa, sai ya zama dole ya miƙa babban jirgin fito ga wani kafin kogi ya cika. Mutum biyu suka nema: ɗansa Jibo, da Kallamu, wani masunci marar yawan magana.

Zuciyar Gwadabe tana wajen ɗansa, kowa ya sani. Saboda haka ya tara dattawa a bakin kogi don kada a ce ya yi son kai. Ya ambaci wurare goma a cikin ruwa, ya ce Jibo da Kallamu kowa ya faɗi ko jirgi cike da mutane zai wuce, ko akwai dutse a ɓoye. Ya kuma ba su tsakuwoyi, farare da baƙaƙe.

Ya ce, "In ka tabbata, jefa fara a ƙwarya. In kana shakka, jefa baƙa."

Jibo ya yi dariya ya ce, "Baba, ajiye baƙaƙen nan, a ruwan nan aka yanke mini cibiya." Ya jefa farare goma. Kallamu ya yi ta sosa ƙeya, ya jefa farare bakwai da baƙaƙe uku.

Aka tura masu nutso suka duba. Jibo ya dace a tara. Kallamu ya dace a bakwai, kuma duk inda ya kuskure, nan ya jefa baƙa. Jama'a suka fara yi wa Jibo barka.

Gwadabe ya yi ta ƙirga tsakuwoyin. Daga bisani ya ce, "A ba Kallamu jirgi."

Jibo ya miƙe tsaye. "Baba, tara da bakwai fa! Ko tsufan ya kai ga lissafi ne?"

"Na ƙirga, ɗana, sau uku na ƙirga ina neman yadda zan ba ka. Ka fi shi sanin kogin nan. Amma inda Kallamu bai sani ba, zai tsaya ya zura gwangwala ya taɓa ƙasa. Kai kuwa a wuri na goma za ka shiga kana waƙa, da mata da goyonsu a bayanka. Ba ni da bakin da zan yi wa gari ta'aziyya."

Jibo ya ce, "To, ka haifi Kallamu." Ya kwance ƙaramin jirginsa ya bi ruwa ya gangara, bai sake waiwayar garin ba. Da ajalin Gwadabe ya zo, bare ne suka sa shi a kabari, mutanen da ya tsare wa rai kuwa suna ta cewa tsohon ya cika taurin zuciya.

Wanda ya san iyakar saninsa, a ba shi amanar rayuka. Wanda ya yanke wannan hukunci kuwa, kada ya jira godiya.